Ƙwayoyin da Muka Ce na Ciwon Kai Ne

Duk sanda makarantu suka kusa buɗewa, in na fito bakin titin Kano na tarar da yara da iyayensu suna jiran mota, sai raina ya ɓaci, kuma na kai shekarun da ba na wahalar da kaina wajen ɓoye ɓacin rai. Yaro zai tafi kwaleji karon farko, zai bar tukunyar uwarsa, zai bar ruwan da cikinsa ya saba da shi, ya je ya kwana ɗaki ɗaya da mutanen da bai taɓa gani ba, amma ka dubi kayansa: katan ɗin taliyar leda, kwalaben lemon nan da suke ɗirka wai don kada barci ya ɗauke su, waya, caja. Uwa na tsaye tana danna tata wayar, uba na cacar baki da kwandasta a kan kujerar gaba. Ba wanda ya tambaya ko an sa gidan sauro. Ba wanda ya ce masa, "In ka kwanta ciwo, wa za ka gaya wa?" Mota ta tashi a ce Allah ya tsare, kowa ya juya gida.

Mu a zamaninmu, in ɗiya za ta tafi kwaleji, unguwa gaba ɗaya ce ke ji a kunnenta. Kwana uku turmi ba ya hutawa. Tun da sassafe za ka ji luguden mata a tsakar gida, da ƙarar rariya, da ƙaurin gyaɗar da ake soyawa don ƙuli-ƙuli. Wata ta kawo daddawa a daka da barkono, wata ta kawo tsamiya, matar masunci ta aiko da bandar tarwaɗa a ƙunshe cikin takarda, Bafulatanar da ke kawo mana nono ta zo da man shanu a 'yar ƙwarya. Ana daka ana yi miki faɗa, faɗan da ba ya ƙarewa. Kakarmu, wadda muke kira Iya, tana zaune a bakin ƙofa tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗagawa take cewa, "Ruwan da ba ki ga inda aka ɗebo shi ba, ki bari ya kwanta ki tace. Kada kunya ta sa ki kwana da yunwa. In jikinki ya yi zafi ki faɗa tun kina iya tafiya da ƙafarki. Ki wanke hannu ko ana yi miki dariya." A lokacin zumɓura baki muke yi, muna ganin tsohuwa ta cika mita. Yau da za a dawo min da muryar nan, da a ƙasa zan zauna in saurara.

Amma kada wani ya ɗauka yabon zamaninmu kawai na zo yi. Duk da turmin da man shanun da faɗan, mun aikata abin da ya fi sakacin yaran yanzu muni, kuma da bakina a ciki.

Ina da taubashiya, ɗiyar Gwaggo ƙanwar babana. Wata biyu ne tsakaninmu, tare muka yi rarrafe, tare aka sa mu firamare. Tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. A tsohon garinmu, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga, wannan ba asiri ba ne, kowa ya sani kamar yadda aka san wane gurgu ne, wance ba ta ji sosai. Ba a aika ta rafi ita kaɗai, ba a barin ta gaban murhu. In idonta ya tsaya wuri ɗaya ta fara murza bakin zaninta, duk matar da ke kusa za ta kama ta ta kwantar da ita a gefenta, a kawar da duk abin da zai ji mata ciwo, a jira ya sake ta. Iya ta hana a cusa mata cokali ko tsumma a baki. Da hannunta take share mata yawu, sannan ta ɗaga hannun ta nuna wa yara, ta ce, "Kun gani? Shekara nawa ina yi, ya kama ni? Ba ya kama kowa." Sai taubashiyata ta yi barci, ta farka, mu koma wasan 'yar carafkenmu.

Da ruwa ya zo aka tashe mu, aka zube mu a sabon wuri ta wajen Bebeji, aka gauraya mu da mutanen garuruwan da ba mu sani ba. Maƙwabtanmu na da, waɗanda suka san yadda ake kama ta, wasu sun yi Kiru, wasu sun yi Tudun Wada. Ranar da ta fara faɗuwa a sabon wurin, a layin rijiya ne. Mata suka watse suka bar tulunansu, wata ta janye ɗanta tana tofa masa addu'a, aka yi kwanaki ba mai shan ruwa a moɗar gidan Gwaggo. Tun daga nan Gwaggo ta sauya. Ta daina barin a ambaci ciwon ko a cikin ɗaki. Babana ya kai yarinyar asibiti a birni, aka ba ta wasu 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi da za ta riƙa sha kullum, kuma Allah ya sa suka karɓe ta, faɗuwar ta yi nisa har mutane suka fara mantawa. Mantawar nan ita Gwaggo take tattali fiye da komai.

Muka ci jarrabawa mu biyu, aka ba mu gurbi a kwalejin horon malamai mata, ta kwana, mai nisa da gida. Ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, ana tsakiyar ɗaure kaya, Gwaggo ta ja ni bayan rumbu.

Ta ce, "Ke 'yar yayana, dube ni nan. Abin nan na 'yar'uwarki ba a kai shi makaranta. In suka ji, koro ta za su yi, kuma kafin ta iso gida labari ya riga ta. Wa zai kalle ta bayan nan? Ki yi min alkawari."

Na ce, "Gwaggo, ai Iya ta ce duk inda za ta zauna a sanar da mutanen wurin."

Ta ce, "Iya har yau a tsohon gari take zaune. Nan ba can ba ne. Ki ce kin yi alkawari."

Na ce na yi. Ta naɗe ƙwayoyin cikin gwangwanin alawa, ta tura can ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa.

Ranar da muka isa, aka jera mu sababbi a gaban ɗakunan kwana, kowa da akwatinta a buɗe. Matar da ke kula da ɗakunan, wadda ake kira Metiron, doguwa ce mai kaurin murya, tana tafe wata ɗaliba na biye da ita da babban kwano. Ta ce, "Duk maganin da aka zo da shi daga gida, a nan zai tsaya. Wadda take da ciwon da take shan magani kullum, ta faɗa min yanzu in rubuta sunanta in kai wa Sista, nas ɗin makaranta, a can za ta riƙa karɓa. Ba abin kunya ba ne." Ta faɗa ta sake faɗa. Da ta zo kanmu, hannunta bai daɗe a cikin akwatin ba ta zaro gwangwanin, ta buɗe.

"Wannan fa?"

Taubashiyata ta ce, "Na ciwon kai ne."

Metiron ta juyo gare ni. "Ke 'yar'uwarta ce, ko? Haka ne?"

Na ce, "Haka ne."

Ta juye su a kwanon. Har yau ina jin ƙarar, kamar an watsa tsakuwa. Aka wuce akwati na gaba.

Zaman kwaleji ga sabuwa ba wasa ba ne ko ga mai lafiya. Ƙararrawa tun gari bai gama wayewa ba, shara, ɗiban ruwa, aji, aiken manyan ɗalibai, barci kaɗan. Wake da ƙwari a ciki, tuwo da gudaji, ita kuwa mai tsantsani ce, sau da yawa ture kwanon take yi ta tashi. Ina kallon ta kamar yadda ake kallon tukunya a kan wuta. Sau biyu na ga idonta ya tsaya a aji, na matse mata hannu har ya wuce. Na ce mata, "Mu je wurin Sista mu faɗa." Ta ce, "So kike a kore ni ki zauna ke kaɗai?" Kuma ga shi karatu ya karɓe ta. A lissafi ba mai kama ƙafarta, malamar kan miƙa mata alli ta ce ta fito ta nuna mana. In ta tsaya a gaban allo fuskarta har wani haske take yi, sai in ce a raina wataƙila ciwon ya tafi ke nan.

A mako na uku aka kafe sabon jerin aiki. Ni aka ba ni sharar bayan azuzuwa, ita aka sa ta cikin masu ɗauko koko daga kicin. Ina ganin sunanta gabana ya faɗi, don na san inda ake ɗiban kokon, a bakin manyan murahu ne. Na sami babbar ɗalibar da ta rubuta jerin, na ce don Allah ta musanya mu. Ta ce, "Saboda me?" Na tsaya. Amsar tana kan harshena. Na ce, "Ba komai." Ta ce to in ba komai in ɓace mata da gani.

Kwana huɗu bayan nan, da safe ina shara, na ji ihu ta wajen kicin. Abin da ya sa na yar da tsintsiya shi ne, 'yan mata gudu suke yi suna barin wurin, ba zuwa suke yi ba. Suna cewa, "Aljanu ne! Kada ku taɓa ta! Kada yawunta ya taɓa ku!" Na ratsa su da gudu. Tana kwance a gindin murhu jikinta na kakkarwa, bokitin koko ya kife mata a kafaɗa, hannunta na dama yana cikin garwashi. Ga mutane tsaye daga nesa sun yi da'ira suna kallo, ba wadda ta matso. Wani tsoho cikin masu dafa abinci, da ya fito daga baya da itace a ka, shi ya watsar da itacen ya kama ƙafafunta ya janyo ta. Na juya ta a gefenta, na cire ɗankwalina na share mata baki. Har yau ba na iya tsayawa kusa da inda ake babbakar kan rago.

Motar makaranta ta tafi da ita asibiti. Sista ta sa aka kira ni ɗakin shan magani, ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Tun yaushe take da shi?"

Na ce, "Tun muna yara."

"Tana shan magani?"

"Metiron ta karɓe."

Ta ce, "Karɓewa ta yi, ko ku kuka ce mata na ciwon kai ne?"

Ta buɗe kabad ta ɗauko kwalba ta dire a gabana. Irin ƙwayoyin ne sak. Ta ce, "'Yan mata biyu ne a makarantar nan masu irin ciwonta. Kullum nan suke zuwa su sha su wuce aji. Ɗaya bana za ta gama. Ba a sa su aikin wuta, ba a aika su rijiya, kuma ba wanda ya kore su. Maganin nan ba a yanke shi rana ɗaya, yankewar kanta tayar da ciwon take yi." Ba ta mare ni ba. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Da Gwaggo ta iso asibiti ta ga hannun, ta yi kuka har ta zube. Amma da ta dawo hayyacinta ta ja ni gefe, abin da ta fara tambaya shi ne, "A gaban mutane ta faɗi? Su nawa suka gani?" Gwaggo ta daɗe da rasuwa, ina sa ta a addu'a, na kuma san tsoro ne ya sa ta, ba mugunta ba. Amma duk sanda tambayar nan ta faɗo min, sai in ji jinina ya hau.

Hannun ya warke a lanƙwashe, yatsun sun manne da juna. Ba ta sake riƙe alli ba, ba ta koma makaranta ba. Ni na gama, na koyar a ƙauyukan Kiru da Tudun Wada har na yi ritaya, kuma ba ranar da na rubuta lissafi a allo ban tuna wadda ta fi ni cancanta ba. Aure kuwa, abin da aka yi duk wannan ɓoyon dominsa, ta yi shi. Wani masunci ɗan tsohon garinmu, wanda ya san ciwon tun suna yara, ya ga hannun da idonsa, ya ce yana so. Sun haifi 'ya'ya, suna zaune lafiya har ya koma ga Allah. To me aka tsare? Me aka ɓoye, wa aka ɓoye wa?

Abin da ya tono min duk wannan, bana jikata, ɗiyar babban ɗana, ta sami kwalejin ilimi a birni. Yarinyar tana da sikila. Mun sha zaman asibiti da ita, mun san abin da sanyi da ƙishirwa da zazzaɓin sauro suke yi mata. Na je gidansu in yi mata sallama, na tarar da takardunta a kan tabarma. Na sa tabarau na duba takardar lafiya. Gurbin da aka tambaya ko tana da wani ciwo, an rubuta babu, ga hatimi an buga raɗau. Ubanta ne ya kai wa wani ya buga masa, mutumin ko ganin yarinyar bai yi ba. Mu a da aƙalla sai an dube ka ido da ido kafin ka yi ƙarya.

Na ce masa, "Wannan mene ne?"

Ya ce, "Inna, ki bari kawai. Yarinya ce mace. In aka sani a makaranta, kowa ya sani ke nan. Gobe wani ya fito, a ce masa ai mai sikila ce."

Na ce, "In ya fito ɓoye masa za ka yi? In ciwon ya tashi tana ɗaki cikin baƙi, su ce ciwon jiki ne su ba ta maganin ciwon kai su tafi aji, kana ina? Kana nan kana ban ruwan albasa! Kai da ka yi boko, da waya a hannunka, abin da za ka yi ke nan?"

Ya ce, "Inna, ki rage murya, maƙwabta."

Ai kuwa sai na ƙara ɗaga ta. Na ce maƙwabta su ji, su ne za su kwanta mata a gadon asibiti? Uwar yarinyar ta sunkuyar da kai, shi kuma ya sa takalmi ya fice. Na juya ga jikata, na ce, "Ke fa, me kike so? Jikinki ne." Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta, sannan ta ce, "Kaka, ina tsoron a riƙa nuna ni. Amma na fi tsoron ya tashi ba wanda ya sani. In za ki raka ni, zan faɗa."

Na raka ta. Na sa aka sayo gidan sauro da rigar sanyi da babbar gorar ruwa, na ƙirga mata magungunanta a gabanta na sa su a saman jaka, ba a ƙasa ba. Da muka isa, kafin ta ga ɗakinta muka nemi asibitin makarantar. Wata nas ce a zaune tana rubutu. Jikata ta tsaya ta ce, "An yi kuskure a takardata. Ina da sikila." Matar ko mamaki ba ta yi ba. Ta soke babu ɗin da biro, ta yi mata 'yan tambayoyi, ta buɗe mata kati, ta ce, "Ki yawaita shan ruwa, ki kwana cikin gidan sauro, ban da wanka da ruwan sanyi. Da kin ji ya fara ki zo, kada ki jira. Ki gaya wa ko mutum ɗaya a ɗakinku. Kuna da yawa a nan." Sai ta kira na gaba.

Shi ke nan fa. Ko ruwan alwala bai isa ya yi zafi ba an gama. Na fito na zauna a kan wani benci, maimakon in ji sanyi a raina, sai na ji wani haushi ya turnuƙe ni. Abin da na kasa faɗa ke nan. Ɗan wannan abin kawai.

A hanyar dawowa ban wuce gida ba, na sauka na hau babur zuwa gidan taubashiyata. Na same ta a tsakar gida tana shanya kuɓewa da hannun hagu. Na zauna na kwashe labarin duka na gaya mata, har da ihun da na yi wa ɗana. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta kalle ni sama da ƙasa, irin kallon da taubasai ke yi wa juna, ta ce, "Oho. Ashe kina da baki. Sai yanzu ya buɗe?"

Ta juya min baya ta ce, "To tashi ki ɗaura min ɗankwalin nan, tun safe yake zamewa."